Gilashin da Ya Ƙi Sauya Launi

Auta suke ce mata a ɗakin bincike, don ita ce ta zo ƙarshe. Aikin ya kwanta mata a rai. Tana son yadda ake narka garin polithiofin, wata irin roba mai ɗaukar lantarki, a ɗiga shi kan guntun gilashi, na'ura ta wulwula shi har ya kwanta ja, siriri kamar ɓawon albasa. In aka tsoma gilashin a ruwan gwaji aka ba shi wuta, jan nan sai ya rikiɗe shuɗi. Na kowa yana rikiɗewa. Nata kuwa ko gezau.

Farfesa ba mai faɗa ba ce. Cewa kawai ta yi in mako ya ƙare babu launi, za ta mayar da ita ɓangaren lissafi a kwamfuta, can ma ana neman hannu. Auta ta ce to, amma ba haka ta so ba. A gida yayarta kan tsokane ta wai da warin gas take dawowa, har Mama ta tashi duba murhu. Ita kuwa ko warin ba ta son rabuwa da shi.

Ta tace ruwa, ta sauya kwalba, ta wanke gilasai har yatsunta suka yi yaushi. Tambaya ce ke yi mata nauyi. Sai ta ja kujera kusa da Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ta yi kamar tana goge matsefata, ta zuba wa hannunsa ido.

Ya ɗauki gilashi, ya karkata shi ga fitila, ya nemo ɗan karcen da ke kusurwa, ya kifa shi ƙasa.

Gilashin nan fuska ɗaya ce ke ɗaukar wuta, ido kuma ba ya bambance gaba da baya, shi ya sa mai yanka yake yin karce. Ita ta ɗauka gaban ake karcewa. Ashe baya suke yi wa, don kada gaban ya lalace. Kowa ya sani, har ba wanda ya tuna ya faɗa.

"Yaya Dogo," ta ce a hankali, "karcen nan baya ne?"

Ya sauke tabarau ya dube ta. "Kar dai ki ce min duk kwanakin nan ƙeyar gilashi kike yi wa kwalliya."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tashi ya bar mata na'urar, ya ce nasa aikin ba gudu zai yi ba.

Wannan karon a fuskar da ba karce ta ɗiga. Da gilashin ya bushe ta tsoma shi, ta maƙala wayoyi. Shuɗi ya taso daga gefe, ya bi jan yana cinyewa. Farfesa ta zo wucewa ta tsaya, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta ce mako mai zuwa tana son ganin gilasai masu shafi mai kauri da masu siririn shafi, ta kuma sa Dogo ya buɗe wa Auta gurbi a durowar gilasai.