Bakan Gizon Baba Ɗanladi

A shekarar da soja suka koma bariki, unguwar da ke bayan Ƙofar Ɗan Agundi ta samu kansila. Isiyaku sunansa, da can dillalin babura ne, yanzu kuwa yana neman aikin da mai wucewa zai hango daga titi. Ya duba gabas ya duba yamma, idonsa ya faɗa kan masallacin unguwa, ginin ƙasa mai tulluwa ɗaya, da bakan gizo takwas da suka taso daga bango suka haɗa kai a tsakiyar rufi. Ya ce a rushe, a tayar da na bulo, a zuba dekin siminti a sama.

Wanda ya ɗaura bakan gizon nan kuwa yana raye. Baba Ɗanladi magini ne, ya haura saba'in, kunnensa ya yi nauyi, kuma tun yana saurayi ya yi aikin a ƙarƙashin mahaifinsa. Labarin bai daɗe ba ya iso masa. Daga ranar tuwonsa ya fara komawa cikin gida yadda aka kawo shi.

'Yarsa Shamsiyya ce ta kasa haƙuri. Ita ta yi boko mai zurfi, tana zane a wani ofishin masu tsara gine-gine a wajen gari. Ta yafa mayafi ta sami Malam Umar, limamin masallacin, a ƙofar gidansa.

"Allah gafarta Malam, a ba ni mako ɗaya. Masallacin nan ba abin da ya same shi. A faɗaɗa haraba da bulo, a bar rufin. Zan zana muku."

"Kansila ma ya kawo zane, 'yar nan. Mai launi."

"Ni a kwamfuta zan sa shi, ku gan shi yana juyawa. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ta san maganar ba haka take ba. Ta faɗe ta ne don ta ga idon Malam ya buɗe, ya kuwa buɗe. Aka sa ranar Alhamis bayan la'asar, a soron Baba Ɗanladi.

Kwana biyu ta yi tana awo, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da babu kowa a ciki. Shekararta talatin da huɗu a unguwar, amma wannan ne karon farko da ta tsaya a ƙarƙashin rufin da ubanta ya yi. Sanyi kamar bakin randa. Ta ɗaga kai ta daɗe, har ta manta lambar da take riƙe da ita a ka.

Ta aro tsohuwar kwamfutar ofis, wadda aka jingine a lungu, aka kawo ta a baro aka ɗora kan teburin ɗinkin mahaifiyarta. Ta zana bakan gizo na farko shi kaɗai. Ya fito lanƙwasasshe, sumul, kamar jinjirin wata. Ta zana sauran bakwai, kowanne da nasa awon, don babu biyu da suka zo daidai. Ta zana bango, ta zana tulluwa. Ran Talata da hantsi ta haɗa su duka wuri guda.

Nan abin ya lalace. Kowane bakan gizo ya kakkarye, ya koma gajerun layuka miƙaƙƙu masu kusurwa, kamar an jera karan dawa ana son a yi da'ira. Tulluwar ta zama kamar kwandon da aka zauna a kai. Ta buɗe guda ɗaya shi kaɗai: sumul. Ta koma haɗin: a kakkarye.

Ta umarci na'urar ta sake zana hoton. Ta sake, yadda yake. Ta shiga wurin da ake ƙara kyan hoto ta kai shi ƙarshe, sai kwamfutar ta yi gurnani ta sandare, 'yar kibiyar da ake nuni da ita ta kafe a tsakiyar allo. Ta kashe ta kunna. Ta gano kowane yanki yana ɗauke da nasa saitin na kyan hoto, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa. A na biyar na'urar ta sake sandarewa. Kafin ta farfaɗo aka ɗauke wuta.

Laraba da safe ta tafi ofis ta sami Aminu, wanda ya fi kowa sanin cikin na'urorin. Yana cin gurasa ta zayyana masa.

"Ai zanenki lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Lissafin yana nan daidai a ciki. Ita dai na'urar ba ta iya nuna lanƙwasa ba, da gajerun layuka take yaudarar ido. In layukan sun yi yawa, ido ya ga sumul. In kaya ya yi mata nauyi, sai ta rage su. Kin ɗora wa tsohuwar jaka buhu goma, kina mamakin tana ɗingishi."

"To ba ni taka."

"Tawa tana kan aikin Oga har ƙarshen wata. Ko ni ban isa in fitar da ita ba. Ki buga musu a takarda mana, a takarda zai fito sumul."

Ta buga. Ya fito sumul. Ta naɗe takardun ta sa a jaka, zuciyarta ba ta kwanta ba, don ba takarda ta yi musu alkawari ba.

Ran Alhamis aka ja waya daga janareton mai aski. Mutum tara suka cika soron, ga liman, ga kansila da babbar riga mai sitati, ga dattawan kwamiti. Baba Ɗanladi yana kan buzunsa a gefe. Shamsiyya ta gaishe su a durƙushe, ta shimfiɗa takardun a tabarma.

Kansila ko sunkuyawa bai yi ba.

"Hajiya injiniya, takarda kowa ma ya iya. Ni ma ina da ita a mota. Kwamfuta aka ce mana."

Ta kunna. Ta fara nuna musu bakan gizo ɗaya, suka gyaɗa kai. Ta nuna na biyu. Wani dattijo ya ce shi ba a gutsure yake sallah a ciki ba, a nuna masa masallacin gaba ɗaya. Ta buɗe haɗin.

Kowa ya zuba wa allon ido. Ana cewa gani ya kori ji. Ba a dai cika faɗin cewa mutum yakan zo da abin da zai gani tun daga gida ba.

"Wannan karaya ce?" in ji liman a hankali.

"Ba karaya ba ce, Malam. Na'urar ce ba ta da ƙarfi. Ginin yana nan sumul, hoton ne kawai…"

"To wanne za mu ɗauka?" Kansila ya yi murmushi. "Ke kika ce ba ta ƙarya. Yau kuma da ta faɗi abin da bai miki daɗi ba, ta zama maras ƙarfi?"

Aka ɗan yi dariya. Tana neman kalmar da za ta fassara musu maganar Aminu, sai ta ji motsi a bayanta. Baba Ɗanladi ne ya taso, ya dafa bango, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Bai ji ko ɗaya daga abin da aka faɗa ba. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya bi shi zuwa kusurwa, ya bi na biyu. Shamsiyya ta ga fuskarsa ta washe, abin da ba ta gani ba tun da aka fara zancen rushewa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Shamsiyya, wa ya gaya mata?"

"Baba, zauna tukuna."

"Haka yake a ciki. Wallahi haka yake." Ya juyo ga mutane, muryarsa da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa. "Ku kuna ganin lanƙwasa, ku ɗauka itace aka tanƙwara. Wa ya isa ya tanƙwara azara? Gajeru muke sawa. Ka dasa ɗaya a bango ta leƙo, ka ɗaure, ka yaɓe da ƙasa, ka tafi gida. Sai ta bushe ka dawo ka ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa kaɗan. Ga gaɓa, ga gaɓa, ga gaɓa. Wata biyu muka yi kafin bakin nan ya sadu da wancan. Yaɓe ne ya rufe, kuke ganin sumul. Shekara hamsin ba wanda ya gani, sai wannan abar."

Ya shafa saman kwamfutar kamar kan jika.

Azarar giginya ce, wadda gara ba ta ci, kuma gaɓoɓin nan su ne ƙarfin ginin. Shamsiyya ta sani, liman ma da ya yi tunani da ya sani. Amma kansila ya riga ya miƙe yana gyara hannun riga.

"To alhamdu lillahi. Na'ura ta nuna, mai ginin da bakinsa ya tabbatar. Guntayen itace ne aka jojjona, ƙasa ta riƙe, shekara hamsin. A ƙarƙashinsu muke jera 'ya'yanmu sahu. Malam, in ya rufto ranar wata Juma'a, wa za a tambaya?"

Liman ya dubi allon, ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Kansila, ba abin da ya faɗa ke nan ba," in ji Shamsiyya. "Layukan nan ba azara ba ne. Na'urar ba ta san akwai azara ba, ni ban zana ta ba. Dacewa ce kawai."

"Yanzu kuma Baba ne bai san gininsa ba?"

Ta dubi ubanta. In ta ce na'urar ta yi gaskiya, an rushe. In ta ce ta yi ƙarya, sai ta ƙaryata ubanta a gaban mutum tara, a soronsa, a ranar da ya fara murmushi. Ta sunkuya ta fara naɗe takardunta. Aka shafa fatiha, aka nemi takalma.

Da soron ya watse, Baba Ɗanladi yana nan tsugune gaban allon.

"Juya min shi ta gabas," in ji shi. Ta juya. "Kin ga wannan? Nan na faɗo, babana ya ce in tashi in koma, ƙasa ba ta jiran mai ciwo." Ya yi dariya. Sannan ya waiwaya ya ga tabarma babu kowa. "Sun tafi? Me suka ce?"

Ta matso kusa da kunnensa mai ɗan ji. Kafin ta yi magana mai aski ya kashe janareto, allon ya yi baƙi.

"Sun ce sun gani, Baba."

"Ai dole su gani," in ji shi.

A daren ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Ran Asabar da sassafe lebura shida suka hau rufin masallacin da diga. Shamsiyya tana shara a tsakar gida ta ji bugun farko, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Baba yana ɗaki yana lazimi, bai ji ba. Ta lissafa a ranta: saura awa shida ya ɗauki buta ya fita azahar.