Wutsiyar da Noelene Ta Ɗinka

Ƙaramin jirgin saman ya zo gidan iyalin Pfitzner ne cikin akwatunan katako, gunduwa-gunduwa, tun Noelene na iya zura zare a allura ba tare da ta matsa kusa da taga ba. Mijinta Merv ya kwashe kayan ya kai rumfar da suke yi wa tumaki aski, ya ce kafin shekara biyu za su tashi sama. Aka sayar da tumakin, 'ya'ya suka koma Adelaide, gashin Merv ya zube saura gefe da gefe, sannan fa jirgin ya tashi. Kujera biyu gare shi, ta gaba ta Merv, ta baya ta Noelene. Amma duk sanda ya ce ta zo su zaga, sai ta ce, "Sai ranar da ruwa ya shiga Tafkin Eyre." Tsoro take ji, kuma ta san tafkin nan farin gishiri ne zalla, yakan daɗe bai ga ruwa ba.

To, bana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya can Queensland, rediyo ya ce ambaliya ta kamo hanyar kudu, tana rarrafowa cikin hamada. Bana ɗin nan kuma likitan ido a Port Augusta ya gaya wa Noelene cewa ɗigon toka-tokan da ke zaune a tsakiyar ganinta ba zai tafi ba, ƙaruwa zai yi ta yi. A hanyar komowa gida, da suka wuce Quorn, ta juya wajen mijinta.

"Merv, ka kai ni na ga ruwan nan."

Washegari ya jawo tsohon sikelin da suke auna buhunan ulu, ya ce ta hau.

"Ni ce buhun ulun?"

"Hau dai, Nolly, tumakin ma ba su yi mini gardama haka ba."

Ta hau. Ya duba, ya auna tankin man da zai ƙara a bayan kujerarta saboda nisan tafiyar, ya yi ta sosa ƙeya. Ya je ya yi doguwar waya da mutumin da ya zana jirgin, ya dawo ya tsaya yana kallon bayan jirgin. Nauyi zai koma baya da yawa, in ji shi, hanci zai riƙa ɗagawa, wutsiyar da ke akwai ba za ta iya riƙe shi ba. Dole a cire ta a yi wata mai faɗi.

"Wutsiyar ce ta yi ƙanƙanta, ko ni ce na yi girma? Faɗi gaskiya, tsohon banza."

"Na ce wutsiya. Kina tsammani da irin wannan gaskiyar na kai yau da raina?"

Ta yi dariya har da hawaye, amma a ranta ta damu, don ta san aikin Merv. Mutum ne da zai iya kwana uku yana shawara da ƙusa ɗaya.

Wannan karon bai yi shawara da kowa ba. Ya lanƙwasa siraran bututun ƙarfe ya yi musu walda, ya shimfiɗa yadi a kai, ya bi shi da dutsen gugar Noelene har ya ɗame yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Saura ɗinki, don dole a ɗaure yadin a jikin kowane haƙarƙarin ƙarfe da zare, kada iska ta ɗaga shi. Merv ya gwada, yatsunsa masu kauri suka yi ta kwance abin da suka ƙulla. Noelene ta ture shi gefe ta karɓi doguwar allurar. Ita da ta ɗinke rigunan amaren gundumar nan kaf, ba ido take bukata ba.

Haka suka riƙa wuni, wutsiyar a tsaye tsakaninsu. Ta soka allura daga nan, ya karɓa daga can ya mayar mata, ta ƙulla. Rana na zubowa ta hudojin kwanon rufi, rumfar na ƙamshin tsohon maiƙon ulu, rediyo na ta ba da labarin ruwan: ya wuce Birdsville, ya cika wani rafi, ya tsaya ya huta a wani kwari. Noelene takan lumshe ido tana ƙulli, sai ta ga ruwan yana tafiya a hankali kan jan yashi, yana tura busassun ganye a gabansa, kifaye na farkawa daga laka, tsuntsayen kwasakwasa na tasowa daga bakin teku, ba wanda ya aika musu. Wani lokaci har takan ji sanyinsa a idon sawunta, sai Merv ya ce, "Allura, madam," ta dawo.

Da aka zo fentin wutsiyar ta ce launin ruwan lemo take so, mai ihu. Merv ya ce jirgin zai yi kama da ɗan tsakon da ya zauna cikin miya. Ta ce ta ji, a shafa.

Ranar da aka ɗaura wutsiyar ne ya gaya mata sauran zancen. Doka ce, wanda duk ya taɓa wutsiyar jirgi, sai ya yi ta tashi shi kaɗai a kusa da gida, har ya cika sa'o'in gwaji, kafin ya ɗauki wani. Noelene ta ajiye kofin shayinta.

"Wa zai gani? Kangarun dajin nan ne za su kai ƙara?"

"Ni zan gani."

"Merv, fuskarka ma yanzu ba na ganinta. Kunnuwanka kawai nake gani, su ma don Allah ya yi su da yawa ne. Ruwan nan ba jirana zai yi ba, idon ma haka."

"Na sani, Nolly." Muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ba zan ɗora ki kan abin da ban gwada ba. Ki tsane ni in kina so."

Ta kuwa ji haushinsa ƙwarai, haushin mutumin da ka san yana da gaskiya. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana. Duk da haka kullum da safe, kafin iska ta tashi, takan fito ta jingina da shingen waya. Jirgin kansa fari ne, sama ta shanye shi. Wutsiyar kawai take kamawa, ita ma sai ta kau da fuska gefe, ta bar ɗigon lemon ya shigo ta gefen ido, yana hawa, yana karkata, yana yin shiru sanda Merv ya rage wuta don ya ji ko hanci zai faɗi. Kowane mako ɗigon lemon na ɓace mata da wuri fiye da na baya. Ba ta gaya masa ba. Ranar da iska ta hana tashi, takan zauna a baranda tana jin rediyo na cewa ruwan ya fara ja da baya daga gefe.

Wata safiya ya sauka, ya kashe inji, ya zo bakin shinge da hularsa a hannu.

"Ɗinkinki ya riƙe. Ɗauko rigar sanyi."

Suka bi arewa, suka sha mai a Marree, suka sake tashi. Noelene ta riƙe gefen kujera da hannu biyu, tsoron nan nata na dā yana nan daram. A ƙasa komai ja ne da toka, ba ta rarrabe dutse da fili. Sai wani haske ya fara cika jirgin daga ƙasa, muryar Merv ta shigo ta abin jin magana da ke kunnenta.

"Ga shi nan, Nolly. Gabanmu, dama da hagu, ko'ina. Duba!"

Ta duba inda ya ce. Toka. Ɗigon idonta ya zauna daidai kan tafkin, ya rufe shi ruf. Ta murza ido, ta sake dubawa, toka dai. Ta ji zuciyarta ta karye, ta yi shiru don kada ya ji.

Can ta tuna shingen waya. Ta juya wuyanta a hankali, ta ba tafkin gefen fuska, ta kai dubanta baya inda wutsiyar take. Tokar ta koma can ta zauna kan wutsiyar, ta bar bakin-bakinta na lemo yana rawa cikin iska. Ta gefen ido kuwa sai ga ruwa. Launin ruwan hoda ne a bakin gaɓa, yana narkewa ya koma shuɗi, shuɗin ya tafi har ya haɗe da sama ba iyaka tsakaninsu. Wasu fararen abubuwa na zamewa a kansa a jere, ta san kwasakwasan nan ne.

Merv ya hango ta a ɗan madubinsa, fuskarta a juye baya.

"Nolly? Amai kike ji? Ba can ba ne, gaba ne. Ko mu koma?"

"Rufe mini baki, tsoho," ta ce, hawaye na gangarowa cikin abin kunnen. "Kallo nake yi. Karkata hagu kaɗan, ka tafi a hankali."

Ya rage wuta, ya kwantar da fiffike. Wutsiyar ta riƙe su, suka yi ta zagawa.