Wurin da Sarkis Ke Tsayawa

A ƙauyenmu da ke kan tsaunin Lebanon, Sarkis Shalhub ne ke kaɗa goge a coci ranar Kirsimeti tun kafin yaƙi. Ƙanensa Tanyus ne ke rera waƙar ranar, har ya tafi Brazil ya buɗe shagon yadi. Daga nan duk shekara Sarkis kan naɗi kiɗan waƙar haihuwar Almasihu ya aika masa, da can a kaset, yanzu ta waya.

Bana hannun Sarkis na hagu ya soma rawa, kuma bai so ƙanensa ya sani ba. Sai ya kira jikarsa Nuhad, wadda ta tashi a Beirut ta koyi goge a makaranta, ya miƙa mata nasa.

"Ki kaɗa in aika masa. Tsohon nan kunnensa ya mutu, ba zai gane ba."

"Kaka, ƙarya a makon Kirsimeti?"

"Wa ya ce zan yi magana? Aikawa kawai zan yi."

Nuhad ta kaɗa daga takardar da aka rubuta kiɗan, babu kuskure ko ɗaya. Aka aika.

Washegari da rana Tanyus ya kira. Nuhad ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur.

"Yaya, wa ka ɗauko ya yi maka ƙwadago?"

"Ƙwadagon me? Gogen babanmu ne."

"Gogen na gane shi. Hannun ne baƙo. Ina wurina?"

Nuhad ta dubi kakanta. A tsakiyar waƙar, gab da baitin makiyaya, Sarkis kan ɗaga sandar gogen ya ɗan tsaya. Babu wannan a takarda. Tanyus ya yi fama da asma yana yaro, a nan yake jan numfashi, yayansa kuma ya jira shi. Ƙauyen ya saba, har yau duk coci kan yi tsit a wurin. Nuhad ba ta sani ba, ta zarce.

"A nan nake shiga, ni kaɗai a cikin shago," in ji Tanyus. "Jiya na buɗe baki, waƙa ta wuce ta bar ni. Yaya, lafiyarka kuwa?"

Sarkis ya matso kusa da wayar.

"Hannu ne. Rawa yake."

"To sai me? Ni haƙorana a cikin kofi suke kwana, na ɓoye maka? Ɗauki gogen."

Sarkis ya ɗauka. Yatsunsa suka yi ta zamewa a kan tsirkiya, sautin na karkarwa, amma bai fasa ba. Da ya iso wurin, ya ɗaga sandar. Aka ji tari daga Brazil, sannan shiru. Sarkis bai sauke sandar ba, sai da wata dusasshiyar murya ta kama baitin makiyaya, sannan ya bi ta.

"Ka makara," in ji Sarkis da suka gama.

"Kai ne ka tsufa da gaggawa."

Ranar Kirsimeti Nuhad ce ta kaɗa a coci, kakanta na zaune a layin gaba da waya a buɗe a kan cinyarsa. Gab da baitin makiyaya ta ɗaga sandar, ta jira.