Ciyawar Zauren Coci

Ma Kokubanza, wato Mama Kokubanza, tana durƙushe tana baza sabuwar ciyawa a bakin ƙofar zauren coci, sai ta ji mota tana hawo tudu. Ta miƙe ta kakkaɓe zani, ta ce wa mata su kwashe shanyar yara daga taga, baƙi sun iso.

Tun ranar da ƙasa ta girgiza, duk wanda gidansa ya zube a ƙauyenmu a zauren nan yake kwana. Tsofaffi, masu jego, yara, kowa da ƙunshinsa. Ma Kokubanza ce mai tukunya, ita ke dafa ayaba da wake ta raba. Ita ce kuma ta sa aka yanko ciyawa aka busar aka shimfiɗa tun farkon zuwansu, don a wajenmu mutum ba ya kwana a kan siminti tsirara kamar buhu. Ɗakin da babu ciyawa ba gida ba ne. Yau ga masu duba gine-gine daga birnin Bukoba na bakin tafki, dole a ƙara sabuwa a kai.

Wadda ta fara fitowa daga motar 'yarta ce, Atugonza, injiniyar tawagar, da hular kwano a kai, da 'yar guduma a ƙugu. Uwar ta san za ta zo, amma ba ta taɓa ganinta cikin kayan aiki ba. Ta gode wa Allah a zuci. A fili kuma ta ce mata ta rame.

Shugaban kwamitin coci, dattijon da muke kira Ta Ishengoma, wato Baba Ishengoma, shi ya tarbe su. Ya ba direba hannu biyu, ya gaisa da saurayin da ke riƙe da igiyar awo, sannan ya waiwayo.

"A'a, 'yar Kokubanza, ke ma an ɗauko ki?"

Atugonza ta durƙusa ta gaishe shi. Aka cire takalma aka zauna a kan ciyawa, aka zagaya da ɗan kwandon busassun 'ya'yan kofi, goron baƙo ke nan a wajenmu, kowa ya ɗauka ya jefa a baki. Ta Ishengoma ya shiga jawabi. Ya ce iyayenmu ne suka gina zauren nan da kofin gonarsu, suka ɗauko bulo a kai daga rafi, ga shi ƙasa ta yi rawarta ta gama ko tsaga ɗaya babu a bango. Makarantar can ta hayi ita ce ta tashi aiki, a rubuta a rushe ta. Nan kuwa ƙofa ce kaɗai ta ɗan yi gardama, kuma sau biyu yana kiran kafinta ya sassaƙe ƙasanta.

Atugonza ta daina tauna. Ta tambaye shi yaushe da yaushe. Ya ce washegarin girgizar, sai kuma Lahadin da ta wuce.

Ta tashi ta je ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa. Ta fita ta zagaya ta bayan ginin, wajen da ƙasa ta gangara cikin ayaba, ta daɗe. Da ta dawo ba wajen shugaba ta nufa ba, gaban uwarta ta durƙusa.

"Mama, a ɗaga ciyawar nan."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu. Baƙo ya zauna a kan ciyawar da aka shimfiɗa dominsa, ya ce a ɗaga ya ga ƙasa, daidai yake da ya buɗe maka tukunya yana shinshinawa. Ma Nyamwiza, ƙawar Ma Kokubanza tun suna 'yan mata, ta ce a kawo wa 'yar birni kujera, ciyawa na sukar ta. Aka yi 'yar dariya.

Kunya ta kama Ma Kokubanza har wuya. Amma ta kalli idon 'yarta, ta ga irin kallon nan da take yi tana ƙarama idan zazzaɓi ya kama ƙaninta ba wanda ya lura. Ta sa hannu biyu ta naɗe ciyawar da kanta.

Tsaga ce a daɓe, ta taso daga bakin ƙofa ta ratsa tsakiyar zaure ta shige kusurwar gangare. Atugonza ta zura hannu, ya shige har wuyan hannu.

"Ranar da na shimfiɗa, tsinken tsintsiya ne kawai ke shiga," in ji Ma Kokubanza. Ba wanda ya tambaye ta.

Atugonza ta yi bayani a taƙaice, yadda ko tsohuwa za ta gane. Rabin ginin a kan ƙasar ciko yake, kuma ƙasar tana zamewa gangare da harsashin ginin gaba ɗaya. Shi ya sa ƙofa ke ƙin rufuwa, ana sassaƙe ta tana sake ƙi. Babu ɗamarar kankare da ta ɗaure bangon ta sama. In ruwan sama ya jiƙa cikon nan, bangon gangare zai iya tafiya lokaci ɗaya, rufi ya biyo shi.

Daga nan ta wuce makaranta, jama'a na bin ta daga nesa. Bangon ajujuwa duk ya yi zane-zane, abin ba kyan gani. Ta bi shi da guduma tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne. Ta ɓamɓare filasta ta nuna bulo lafiyayye a ciki, ta taka benci ta nuna ɗamarar kankare da ta zagaye ginin ba ta tsage ko'ina ba. Ta ce makaranta ƙujewa ta yi, zaure kuwa ƙashi ne ya karye. Ta shafa koren fenti a ƙofar makaranta, alamar a shiga, ja a ƙofar zaure, alamar a fita.

Ta Ishengoma ya tsaya a gaban jan fentin yana huci.

"Yarinya, ni na riƙe kyandir ranar da aka yi miki baftisma. Yau ke za ki kore mu daga gidan Allah ki kai mu kango?"

Ya ce duk wanda ke da ido ya dubi bango biyu ya zaɓa. Mutane suka duba, suka koma zaure, suka ja ciyawa suka rufe tsagar.

Atugonza na da asibitin ƙauyen gaba da za ta duba kafin yamma. A bakin mota ta riƙe hannun uwarta.

"Mama, fenti na iya shafawa, ɗaukar mutane ne ban iya ba. Ga hadari can ya taso kan tafki."

Uwar ta miƙa mata ƙunshin ayaba mai zafi, ta ce ta tafi aikinta, ta kuma ci abinci.

Ma Kokubanza ba ta tsaya gardama da kowa ba. Ta yi alamar gicciye, ta ce Ubangiji ga ni ga ka, ta ɗaura zani da kyau. Ta shiga zaure ta fara naɗe ciyawa daga kusurwa, tana cewa matsa, ɗaga ƙafa, ɗauke yaronki. Ta Ishengoma ya tambaye ta me take yi. Ta ce ita ta yanko, ita ta busar, ita za ta kwashe abinta. Ya matsa ya ba ta hanya, don ciyawa ba ta cikin hurumin kwamiti.

Ta ɗora dami a kai ta haye makaranta. Ta share ɓaraguzan filasta, ta jera benci a gefe, ta baza. Ta koma ta ɗauko wani. Sawu nawa ta yi, ita ma ba ta sani ba, gumi har cikin ido. Sannan ta ciro duwatsun murhu ta kai su baranda, ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Tabarmarta kuwa ta shimfiɗa ta daidai ƙarƙashin tsagar da ta fi kowacce muni.

Ma Nyamwiza ta biyo ta, ta tsaya a waje ta riƙe ƙugu.

"In bangon ya faɗo miki, ni zan gaji tukunyar."

"Ki koyi sa gishiri tukuna."

Ma Nyamwiza ta yi tsaki, ta koma. Can sai ga ta da damin ciyawa a kai, tana cewa ba don komai ba, don kar a ce ta bar tsohuwa ta karye.

A zaure kuwa siminti ya fito tsirara, sanyi na ratsa ƙafa, tsaga kwance a tsakiya kowa na tsallake ta. Wata mai jego ta gane ashe a kanta take kwantar da jaririnta tun zuwansu. Ita ta fara tattara kaya. Iska ta kawo ƙanshin wake daga hayi, yara suka gudu, iyaye suka bi yara, tsofaffi suka bi iyaye suna mita. Kafin hadari ya rufe rana, mutum ɗaya ya rage a zaure, Ta Ishengoma a kan kujera da sandarsa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A aji aka yi addu'ar yamma, Ma Kokubanza na ja ana amsawa, idon wasu na kan bango. Bango bai motsa ba, ko ɗigo bai zubo ba. Ta fara raba abinci, amma hankalinta na kan mutumin da ke can gangare. Ta ajiye ludayi ke nan za ta je ta jawo shi ko da faɗa, sai ga shi a bakin ƙofa, ganyen ayaba a kai, wando jiƙe har gwiwa, makulli a hannu.

Ya cire takalma ya tako ciyawa. Aka matsa masa. Ma Kokubanza ta miƙa masa kwandon kofi kamar kowane baƙo, ya ɗauka ya daɗe yana tauna.

Ya ce ya tashi zai kulle zaure ne, ƙofa ta ƙi. Da safe kuwa da hannunsa ya rufe ta lafiya lau. Ya juya makullin a tafinsa, ya sauke murya.

"Yaushe Injiniya za ta dawo?"

Ma Kokubanza ta kai hannu kunne, ta ce ƙarar ruwa a rufin kwano ta hana ta ji. "Wa ka ce, Ta Ishengoma?"

Ya gyara murya, ya faɗa yadda har na bayan aji suka ji. "Injiniya Atugonza."

"Juma'a, in Allah ya kai mu," in ji ta. Ta cika masa kwano, ta ƙara masa wake a kai.