Masu Cin Ganye

Uwar Tsafta ake ce mata, kuma ba a yi mata ƙage ba. Ko ganye ɗaya ya faɗo gabanta, sai ta bi shi da harara kafin tsintsiya. Shekara da shekaru tana mita a kan gonar gorar mijinta da ke bayan gida, don bawan Allahn nan bai taɓa share ta ba. Ganye ya taru har ya rufe idon sawu, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Bar shi, akwai masu ci."

Da ya rasu, ta riƙe gonar amana. Kullum ta share ta tas, ta tara ganyen ta cinna masa wuta. Ƙasa ta yi fes kamar tsakar gida, ta kuma yi tauri irin nasa. Damina ta zo ta wuce, sabon tofon gora bai fi kaurin yatsa ba.

Ƙanen marigayin kafinta ne, da gorar yake yin tsani da gadaje. Ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Yaya, gonar nan ta gaji. In bana ma haka ta yi, gara mu tumɓuke ta mu huta."

"Abin da yayanka ya dasa da hannunsa? Ba dai ina raye ba."

Da ƙarfi ta faɗa.

Bayan ruwan farko ta lallaɓa gangaren gonar da ke bayan tsohuwar rijiya, inda ciwon gwiwa ya hana tsintsiyarta zuwa. Nan ta yi turus. Ga tofo ya faso, kauri kamar damtse. Ta ture ganye da ƙafa ta soka yatsa, ta ji ƙasa baƙa mai laushi, duk ƙananan ramuka, ruwa ya shige bai kwanta ba. Ta damƙo, sai ga jajayen tana suna mutsu-mutsu cikin ruɓaɓɓen ganye.

Masu ci ke nan. Ta zauna bakin rijiyar ta sha kukanta, don kewarsa ta taso mata sabuwa. Can kuma dariya ta ƙwace mata, mutumin yana kabari ya ci gardama.

Ba ta yi wata-wata ba. Ta riƙa ɗibar ƙasar da tanarta a kwando tana zubawa gindin gorar, ta bi maƙwabta tana roƙon ganyen da suka share. Aka yi ta gulma wai tsufa ya taɓa ta. Ko a jikinta.

Da damina ta yi nisa, kafintan ya dawo, ya tsaya baki buɗe.

"Yaya, lafiya? Wa ya mayar miki da gona juji?"

"Ni ce. Ungo tsintsiyar nan, kai wa matarka."

Ya matso zai karɓa, ta daka masa tsawa.

"Ɗaga ƙafarka, Kafinta! Tofon gorar yayanka za ka taka."