Tanko da Surukinsa a Magaza ta Biyu

Ranar Laraba ce, hadarin farkon damina yana haɗowa ta gabas da Madawa, Tanko na tsaye a bakin magaza ta biyu, ɗakin ajiyar kamfanin da yake wa aiki, yana kallon buhunan albasar da aka baza a fili su sha iska.

Ba a daɗe ba da kamfanin ya kawo Madam Fiddausiya daga Tawa ta kula da ma'aikata. Ta ce kowa na aiki kamar baƙo, don haka ta haɗa su biyu-biyu, tsoho da matashi, su riƙa shawara, su ci a kwano ɗaya. Tanko sai ya faɗa hannun Malam Mahfuzu, mahaifin matarsa, mutumin da ko sunansa ba ya iya kamawa, balle ya sa hannu a kwanonsa. Tun daga wannan ranar, da yunwa yake wuni.

Babu wanda ya gaya wa Madam cewa surukai ne.

"Ta sani sarai," in ji Hafizu direba. "Rage mutane za a yi. So take ɗayanku shi kai ƙarar ɗaya, ta huta."

Shi ya sa duk safiya in ta tambayi Tanko ko akwai abin gyara, sai ya ce, "Lahiya lau, Madam," yana kallon takalminta.

A ranar Larabar, Malam Mahfuzu ya ɗaga kai sama ya ce, "Wanga hadari na mutanen garin Buza ne, wucewa zai yi. A bar buhunan su bushe."

Tanko kuwa ya riga ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin iskar. Sai ga Madam ta fito daga ofis tana riƙe gyalenta.

"Tanko, kai mi ka gani? A shigar da su?"

Malam na tsaye kusa da shi, Hafizu na leƙe daga cikin mota. To, ga tarkon nan, in ji zuciyarsa. So take ya ƙaryata surukinsa a gaban jama'a.

"Yadda Baba ya ce, Madam."

Ko ƙofar ofis ba ta kai ba ruwan ya kece. Suka yi ta ja da ɗauka, amma fili ya riga ya zama tafki.

Da yamma Madam ta kira Tanko. Kayanta ma ba su bushe ba.

"Yanzu nike jin wai surukinka ne. Don Allah mi ya hana ku hwaɗa mini?"

"Mun ɗauka kin sani."

Sai ta ce gobe za ta raba su, kuma babu wanda za a kora. A waje Hafizu ya taɓe baki ya ce haka suke cewa kullum.

Buhu talatin da ɗaya ne suka ruɓe. Iska ta tafi da tamfol guda na rufe kaya. Malam Mahfuzu kuma, don kunya, bai sake zuwa aiki ba.