Hamzat Tela Ya Yafe

Hamzat tela na Fagge ya ƙi ɗaukar lauya. A ganinsa, wanda ya shekara ashirin yana lallashin masu jiran ɗinkin Sallah ya fi ƙarfin a koya masa magana.

Alhaji Abdulgani ne ya samo kwangilar kayan 'yan makaranta a Sabon Gari, ya yanka wa Hamzat saiti ɗari biyu. Hamzat ya jinginar da kekensa na surfani ya sayi yadi, ya ɗinka, ya kai. Alhaji ya karɓi kuɗi a makaranta ya wuce Umara, bai ba Hamzat ko sisi ba. Mai riƙe da keken kuwa ya ce ƙarshen wata zai sayar. Da Alhaji ya dawo, Hamzat ya kai shi kotu.

Ranar shari'a Hamzat ya gayyato rabin telolin layinsu su ga aiki. Ya yi ta zuba kamar kanya, har da ayoyi, alhali takardar da Alhaji ya sa wa hannu kaɗai ta ishe shi.

Lauyar Alhaji, Amarachi, mai jin Hausa kamar jakin Kano, ba ta yi musu ba. Waya ta kunna. Aka ji Alhaji yana neman yafiya kafin tafiya, yadda kowa ke yi, sannan aka ji Hamzat da bakinsa yana cewa ya yafe duniya da lahira, a dai yi masa addu'a a Ka'aba.

Alƙali ya tausaya masa. Ya ce wannan gaisuwa ce, ba ta goge takarda, sai in Hamzat da kansa ya ce ta goge.

"Malam Hamzat, da ka ce ka yafe, har da kuɗin aikin?"

"A'a" kawai ake nema. Hamzat ya waiga ya ga teloli sun zuba masa ido, ga Alhaji yana jan carbi. Ta yaya zai ce yafiyarsa ga baƙon Allah ta fatar baki ce? Kunya ta kama shi, ga kuma son a yaba.

"Ranka ya daɗe, ni ba na magana biyu."

Teloli suka yi kabbara, alƙali ya dafe kai ya rufe fayil.

A bakin kotu Alhaji ya rungume shi, ya rantse ya yi masa addu'ar. Ya ce ga wani aikin nan tafe, na surfani ne, ya tanadi kekensa.